Honarabul Mamuda da Tutar Ingila

Alhaji Mamuda ɗan majalisa ne a Kano kafin soja su kore su, daga nan ya koma sarin takalma a birnin Guangzhou na ƙasar Chana. Kullum rediyo na manne da kunnensa, yana yi wa siyasar Ingila sharhi a kasuwar Zhanxi. Mu yaran 'yan kasuwa, don rashin kunya, dariya muke masa.

Washegarin ranar da Ingila ta mayar wa Chana Hong Kong, sai ga shi da babbar riga. Ya haye kan kwalin takalma.

Ya ce, "Ina saurayi aka sauke tutarsu a ƙasarmu. Jiya ma a kan idona aka sauke ta. Cikinku wa ya ga haka sau biyu?"

Ranar nan, mu muka ɗaukar masa kaya har masauki.