Buhu Uku na Albasa da Gaskiyar Ɗanasabe

Da an idar da sallar asuba a Buza, Malam Ɗanasabe yakan sha kokonsa a tsaye, ya rataya tsohuwar jakar fatarsa, ya nufi rumfarsa da ke gefen tasha. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. Ba ya kwance inji, ba ya liƙin taya. Aikinsa wutar babur ce, musamman kilinyota, 'yar fitilar nan mai ƙiftawa da ke gaya wa na baya inda za ka karya kwana.

Babur in ya tsufa, kilinyota ce ke fara yi masa tawaye, shi kuwa Ɗanasabe ya san halinta sarai. Yakan fara duba ƙwan fitilar, sai makunnin da ke hannun babur, ya hure yashin da ya taru ciki. Daga nan ya ɗaga kujera, ya kara kunne a ɗan akwatin da ke sa ta ƙiftawa, yana sauraron ƙas-ƙas ɗinsa. Yana da wani ƙwan fitila da ya ɗaura wa waya biyu da ƙusa, da shi yake bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda wuta ta tsaya. Ƙarshen abin da yake dubawa ita ce wayar mas, wadda wuta ke bi ta koma jikin ƙarfen babur. In wannan ta saki, komai lafiyar ƙwai ba zai kama ba.

A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, don idanunsa sun yi rauni. Babu kujerun da za a jera masa, babu mai riƙe lasifika. Samarin kabu-kabu, waɗanda ke fizge kilinyota ranar da suka sayi babur wai tana shan batir, su ne ke wucewa suna kiransa Baba Ƙifta-ƙifta. Abin yana ci mini rai ƙwarai, shi ya sa zan faɗi abin da garin nan ya ga dama ya manta.

Shekara shida da suka wuce, a kakar albasa, akwai wani Bafulatani mai suna Sambo da ke zaune a gefen wani ƙauye na karkarar Tama. Yana da 'yan shanunsa, yana kuma noman lambu a fadamar da maigari ya ba shi aro. Ranar kasuwa ya ɗaure buhu uku na albasa a bayan tsohon babur ɗinsa, ya zo zai karya hagu ya shiga hanyar kasuwa. A daidai lokacin wani saurayi, Tanimu, ya taho daga baya a nasa babur ɗauke da mahaifiyarsa Jaratu, ya buɗe zai wuce shi. Suka haɗu. Ƙafar tsohuwar ta karye wuri biyu.

Sambo ya ce ya kunna kilinyota. Tanimu ya ce bai ga komai ba. A ƙofar maigari aka sauke kayan, aka kunna babur, sai ga ta gaba da ta baya suna ƙiftawa tsaf. Shi ke nan, hukunci ya faɗi a bakin jama'a: Sambo bai kunna ba, ga shi kuma ya rantse da Allah a kan ƙarya. Matarsa ta riƙa komowa gida da nononta ba wanda ya taya. A masallaci na kusa da shi kan ɗan matsa. Dattawa suka fara matsa wa maigari ya karɓe lambun, Sambo ya kwashe shanunsa ya yi gaba. Aka ba Sambo wa'adi zuwa Juma'a.

Ran Laraba ya kawo babur ɗin Buza a sake masa fitilar gaba da ta fashe. Yana zaune a kan benci, ya rame, yana magana kamar da kansa.

"Malam, wallahi na kunna ta. Da idona na ga ta gaba tana ƙiftawa, har da sauri-sauri kamar abin da anka kora."

Ɗanasabe ya tsaya da abin da yake yi. "Mi kac ce? Da sauri?"

Shi ya san abin da Sambo bai sani ba: in ta gaba ta shiga gaggawa, 'yar'uwarta ta baya ta mutu ke nan. Ya kunna, ya ga duka biyu lafiya. Ya tashi ya shiga tasha ya aro buhu uku na albasa. Aka ɗaure su yadda Sambo ya saba ɗaurewa, Sambo ya hau, ya kunna hagu. Ta gaba ta kama ƙiftawa kamar za ta tsinke. Ta baya kuwa ko motsi.

Ɗanasabe ya durƙusa da ƙwan gwajinsa ya bi waya har ƙarƙashin ƙarfen ɗaukar kaya. Nan ya ga wayar mas a ɗaure jikin noti. In ba kaya, notin yana riƙe da ita. In nauyi ya hau, ƙarfen ya ɗan lanƙwasa, sai ta saki. Sai ya ƙura wa ɗaurin ido. Murɗa uku aka yi wa wayar, aka naɗe ta da tsinken robar taya, kuma duk ƙasar Adar mutum ɗaya ne ke ɗauri irin wannan. Ya tuna ranar, damina biyu baya, babura sun yi masa layi, ya maƙala ta nan don ya fi kusa da hannu, maimakon ya kai ta jikin ƙarfen babur ɗin.

"Wanga ɗauri nawa na, Sambo," in ji shi.

Gyaran ba zai ci minti biyu ba, kuma ba wanda ya gani sai su biyu. Sambo da kansa ya ce, "Gyara ka yi shiru, Malam. Ni an riga an zage ni. In ka hwaɗi, ba mai sake kawo maka aiki."

"Kada ka taɓa ta," in ji Ɗanasabe. "Hakanan za mu tahi da ita."

Washegari da hantsi suka isa ƙofar maigari da kayan a ɗaure, aka kira Tanimu da dattawa. Ɗanasabe ya tsayar da Tanimu a bayan babur, ya sa Sambo ya kunna. Ta baya ba ta kama ba. Aka sauke buhunan, ta kama. Aka mayar, ta mutu. Sau uku aka yi, har masu gardama suka rasa ta cewa.

"Ranka shi daɗe," in ji Ɗanasabe, "Sambo bai yi ƙarya ba, ya kunna. Tanimu bai yi ƙarya ba, bai gani ba. Ni naɗ ɗaura wayag ga inda bai kamata ba. In da wanda za a kama, ga ni."

Daga nan ya nemi a kai shi wurin Jaratu. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, da furfurarsa, ya roƙi gafara.

Sambo ya ci gaba da noman lambunsa, nonon da matarsa ke sayarwa ya koma ƙarewa tun kafin azahar. To, da me muka saka wa Ɗanasabe? Labari ya riga shi isa Buza, har Madawa da Garhanga aka ji wai mai gyaran da ke gefen tasha ya karya tsohuwa. Mutanen da ya yi wa aiki shekara ashirin suka riƙa tura baburansu suna wuce rumfarsa, suna kai wa masu cusa takardar sigari a gurbin fiyus. Waɗancan ba su taɓa kuskure ba, ai, tunda ba su taɓa faɗa ba! Kowa ya ga abin da gaskiya ta jawo wa mutum, kowa ya koyi rufe bakinsa. Wannan abin kunya ne, kuma kunyar tamu ce.

Malam Ɗanasabe, kai ne ka ga hannunka a cikin laifi ka nuna shi da yatsanka, alhali ba mai tuhumarka. Kai ne tun daga ranar ba ka sallami babur ba sai ka sa an ɗora masa kaya ka zagaya baya ka duba, masu gaggawa suna tsaki kana ƙyale su. Gwanin waya, mai tsoron Allah a inda ba mai gani, mun gode. Allah ya saka maka, ya sanyaya idanunka. Ku kuma masu sana'a, ko ta waya ce ko ta allura ko ta alli, ranar da kuka ga ɗaurinku a inda aka yi ɓarna, ku tuna da wannan dattijo ku ce naku ne.

Makon jiya na tarar da baƙi biyu a rumfar, sun zo yi masa bankwana. Sambo ne da tsohon babur ɗinsa, buhu uku a baya, sai Tanimu riƙe da ƙwarya. Ɗanasabe ba ya iya ganin ƙiftawar a cikin rana yanzu. Ya kewaye fitilar baya da tafukansa biyu, ya kai fuskarsa dab da ita, ya ce a kunna hagu, ya daɗe yana kallo kafin ya miƙe.

Tanimu ya ajiye ƙwaryar a gabansa. "Baba, Inna ta ce a gaishe ka. Da kanta ta dama, ta ce da ƙahwatta na kai ta Buza da ta taho."

Wadda har yau take ɗingishi ta aiko masa da fura. Ku da ko ƙwarzane bai same ku ba, rumfar tana nan gefen tasha, kuma saura kwana tara a rufe ta.