Makarar da Babu Gawa

Jama'a, yau makarar wasanmu ta samu masu rakiya na gaske!

Kun san jibi za mu fara nuna wasan kwaikwayon nan a Gwandu. Da la'asar muna gwajin wurin jana'iza, sai Malam Bitrus, mai ba mu umarni, ya ce zauren ya yi mana kaɗan, mu fita waje.

Muka naɗe damin kara a tabarma, mu huɗu muka ɗauka. Ashe manoma na dawowa ta hanyar Masama. Suna ganinmu suka ajiye fartanyu, suka biyo bayanmu suna salati!

Wani tsoho ya dafa ni, ya karɓi wurina.

Na ce, "Baba, yi haƙuri, wasa ne. Kara ne a ciki."

Bai tsaya ba. Ya ce, "Na sani, tun da na ji ba nauyi. Ranar da aka kai babban ɗana makwancinsa, ina kwance asibiti a Kalgo. Bar ni in kai wannan har gindin darbejiyar can."

Malam Bitrus ya cire hularsa. Muka bi tsohon har can.

Da aka sauke, ya share ido, ya ce, "Allah ya ba ku lada."