Ranar da Baba ya tarar da zaman makokinsa

Shekarun baya, mahaifinmu ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa ta busasshen kifi a Baga Road. Hawan jini ne. Ni na kai shi asibiti, kuma kafin azahar har ya warware ya fara yi mini faɗa wai na bar rumfa a buɗe.

Na kira ƙanina, ɗan jami'a a lokacin, na ce ya sanar da 'yan gida. Ai kuwa ya sanar. Ya ɗauko hoton Baba na Sallah, ya mayar da shi baƙi da fari, ya rubuta Innalillahi wa inna ilaihi raji'un da manyan baƙaƙe, ya ɗora a shafinsa da guruf ɗin dangi. Can ƙasa ya ƙara da cewa Baba na asibiti, a sa shi a addu'a. Wa ya karanta can ƙasa? Babu.

Ni kuma cajin wayata ya ƙare. Ina zaune ina ɓare wa mara lafiya lemo, ban san gari ya ɗauka ba.

Da la'asar aka sallame mu. Keke ya shigo da mu layinmu a Umarari, sai ga tabarmi har bakin titi. 'Yan kasuwa sun rufe rumfuna, liman na zaune, maƙwabciyarmu 'yar Biu, wadda daga coci ta ji labarin, tana shiga da kulolin abinci tana hawaye.

Baba ya sauko da ledar magani a hannu, ya ce, "Subhanallah, wa ya rasu?"

Wani abokinsa ya zabura da gudu, ya bar takalminsa a wurin.

Jama'a sun yi dariya, ni ban yi ba. Mahaifiyata ta yi ta kiran wayata ba ta shiga, ga mutane sun cika gida, sai ta yarda Baba ya rasu. Tana ganin Baba a ƙofar ɗaki ta sume. Asibitin da muka baro, can muka koma da ita.

Da na ritsa ƙanin nawa, buɗar bakinsa sai ya ce, "Yaya, ai Innalillahi a kowace musiba ake faɗa, ba sai mutuwa ba. Tambayi malamai."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Na ce, "To baƙi da farin fa, shi ma a hadisi ka gani?"

Ya ce, "Ya fi jan hankali."

Har yau idan na tuna amsar nan sai raina ya ɓaci. Yaran nan suna da karatu, niyyarsu ma mai kyau ce, amma yatsunsu sun fi tunaninsu sauri. Yanzu ko rasuwar wa na ga an ɗora, sai na kira gidan na ji da kunnena.

Mahaifiyata ta warke, ƙanina ya ba da haƙuri. Baba kuwa yana nan da ransa, sai dai har gobe akwai masu kiransa marigayi a kasuwa. Kuma amsawa yake yi.