Ngohemba Mai Yi wa Yayanta Zambo

Duk wanda ya san Ngohemba ya san bakinta. A Tse-Agber aka haife ta, ta yi aure a garinmu Tse-Ugba, rafi ɗaya ne tsakani. Ita ke ba da waƙa a ƙungiyarmu ta kwagh-hir, wato wasan 'yan tsana da dodanni na gargajiyarmu, mu muna amshi. Yayanta Tyokyaa kuwa shi ke sassaƙa wa ƙungiyar Tse-Agber 'yan tsana da dodanni. Kowace shekara in an haƙe doya sai garuruwan biyu su kara a fili, shi ya fito da sabon abin da ya ɓoye tun damina, ita ta fito da sabon zambo. Ta yi wa sanƙonsa waƙa, ta yi wa giwarsa mai kama da alade waƙa. Shi kuma wata shekara ya sassaƙa mace mai baki har kunne tana tallan lemu, ana jan zare bakin yana wangalewa. Kowa ya gane ko wace ce. Ranar har hawaye na yi don dariya, ita ma haka.

Amma wasan yana mutuwa a hannunmu. Gara ta cinye rabin kayanmu, ruwa ya ruɓar da saura, samari suka ce ba za su ƙara sassaƙa wa gara abinci ba.

Ana cikin haka gwamnatin jiha ta ce za ta ba da tallafi a gina gidan wasa a bakin rafi, da rufin kwano da ɗakin ajiya. Sharaɗin shi ne gini ɗaya na garuruwan biyu, in ɗaya ya ƙi a kai wani wuri. Mu muka yarda nan take. Tyokyaa ya ce sam, ba zai ajiye kayansa inda 'yan Tse-Ugba za su leƙa ba. Mutanensa suka bi bayansa, don a wasan nan wanda aka ga sabon abinsa kafin ranar fili ya riga ya sha ƙasa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce kai, tsohon nan zai kai mu ya baro! Washegari Ngohemba ta daka sakwara, ta ce in riƙo mata miya, muka haye rafi.

Muka same shi a gindin mangwaro, gaban bukkar aikinsa da ba mai shiga.

"Yaya, sannu da taurin kai," in ji ta.

"Leƙen asiri kika zo, 'yar tallan lemu?"

"Me za a leƙa? Alade?"

Ya yi dariya ya wanke hannu. Da ya yanko loma sai na ga hannun yana karkarwa, lomar ta faɗi kafin ta kai miya. Ya sake, ta sake faɗuwa. Ngohemba ta dubi hannun, ta dubi bukkar.

"Yaya, me ka sassaƙa bana?"

Ya ce, "Tashi ki gani."

Ta ɗaga asabari. Ba komai ciki sai gungumen itace da gizago ya ɗan taɓa.

"Tun bara hannun ya ƙi," in ji shi. "Mutanena sun ɗauka wani abin mamaki nake ɓoyewa. In aka yi ɗakin nan, kowa zai ga gefena wayam."

Tausayi ya kama ni. Na ɗauka za ta lallashe shi. Ina!

"Au, don kunyarka za ka bar gara ta cinye mana wasa? Hannu ne ya ƙi, ko ido? Ka zauna a kujera ka riƙa nuna wa samarinku, in sun karkace ka zage su. Zagi ba ya buƙatar hannu, ni shaida ce."

"Ɗakin fa?"

"A raba shi da bango. Ƙofarku ta dubi garinku, tamu ta dubi namu."

Sai ya ce, "In ba ni na sassaƙa ba, wa za ki yi wa waƙa?"

Ta ce, "Kai mana, Yaya. Wa nake da shi?"

Ta yanko loma, ta tsoma a miya, ta sa masa a hannu, ta riƙe hannun har ya kai baki.

Ma'aikatan gwamnati sun yi mamakin bangon, amma sun yarda. Yanzu ginin na tsaye, ƙofa biyu sun juya wa juna baya. In na je ɗebo ruwa ina jiyo saran gizago daga gefensu, da muryar Tyokyaa yana ce wa wani saurayi giwa aka sa shi ya sassaƙa, ba tukunya ba.

Da Ngohemba ta fara koya mana waƙar bana, sanƙonsa ta sake taɓawa, ta tsallake hannun. Labari ya haye rafi. Ya aiko mata cewa shi bai mutu ba tukuna, in ba ta sa hannun nan a waƙa ba, ƙafarsa ba za ta taka fili ba. Ta zauna ta yi kukanta, ta share ido, ta ce mana mu ɗauki amshi.