Safiyanu, Wanda Ya Dawo Mini da Muryar Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Sha'aban, Allah ya karɓi ran Malam Safiyanu mai gyaran waya a kasuwar Ikara, bayan jinyar wata biyu.

Safiyanu, kai ka kwashe tafsirin mahaifina, marigayi Malam Muhammadu Lawal na Taba, daga kaset ka zuba mini a memori. Wata rana na tambaye ka ko karatun yana haɗuwa da waƙoƙin bikin 'yata Rumaisa da ke ciki. Ba ka yi mini dariya ba. Ka ce memori yana riƙe da jerin guraben da babu kowa, abin da ya shigo sai ya nema masa inda zai ɗauke shi. In babu wuri mai faɗi, ya gutsuttsura shi cikin ƙananan gurabe. Hankalina ya tashi. Mu da aka hana mu ɗora ko allura a kan Alƙur'ani, ga ayoyi a tsakanin kiɗa! Ina komawa gida na hau goge waƙoƙin, ashe har da karatun Baba na goge.

Na zo maka ina kuka. Ka ce, "Yaya Uwaliya, kashe wayar. Memorin bai share ba, ya dai rubuta cewa wurin ba kowa. Hoto ɗaya ya shiga, zai iya zama a kan muryar Malam." Ka karɓi memorin don ka dawo da karatun, a cikin makon kuma ciwo ya kwantar da kai.

Sau uku na zo dubiya, ban iya tambaya ba. Kunya ta hana ni, kuma na sallama.

Ranar sadakar uku, maiɗakinka Lubna ta miƙo mini ambulan da sunana. Ta ce a kan gadon jinya ka ƙarasa aikin, ka kuma ce a gaya mini sabon memori ne, karatun ka fara zubawa, yana jere a wuri guda, babu abin da ya ratsa shi. Na saurara daga Fatiha har Nasi. Har tarin Baba yana nan.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabarinka. Lubna da yara da dukkan dangi, Allah ya ba ku haƙuri. Duk harafin da aka saurara, Allah ya kai maka ladansa. Amin.