Ragowar Ruwan Ɗumi

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Wagga ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

Akwai wani buteli, kwalba ke nan, ƙarƙashin gadona, cike da ruwa. Ƙanwata ta kawo mini shi daga Aljeriya, inda ɗanta ke aikin gini. Shi ya kai ta wurin wankan wasu mutanen zamanin da, wai su Rumawa. Tac ce tafki ne na sassaƙaƙƙen dutse, faɗinai kamar masussuka, ruwa na ɓulɓulowa daga ƙasa da zafinai, ba wuta ba icce. Kusa da shi ga wani gida inda anka jera tulunansu da fitilunsu, ana kallo, ba a taɓawa.

"Yaya, har wuya na shiga! Gwiwar nan tawa sai da ta saki."

Bakina ya ce barka. Cikina bai ce ba.

Sa'ad da muna ƙanana a Tabotaki, in ɗari ya kama, Kaka kan ɗora tukunya guda bisa karan dawa da hantsi. Guda tak, don rijiya da nisa. Dokarta kuwa, ƙarami ka fara wanka. Sai in tsuguna bakin danga, haƙora na kaɗawa, ina kallon tururi na tashi daga bayan ƙanwata, tana wasa da kumfa, tana yi mini gwalo. Kafin a zo kaina, ruwa ya mutu.

Ran nan na ce, "Kaka, yaushe ne nawa?"

"Babba juji ne. In kin tsufa kya samu."

To ga shi na tsufa. Ni da ban taɓa wuce Madawa ba, gwiwata ta fi tata ciwo, amma ita Allah Ya kai.

Da ta miƙo mini butelin tac ce, "Ga rabonki, Yaya." Na buɗe, na zuba kaɗan a tafin hannu. Sanyi ƙalau. Ko na Rumawa sai da ya huce kana ya iso gare ni.

Kaka ta daɗe da kwantawa, Allah Ya jiƙanta. Tukunyar ta fashe shekarar da anka yi mini aure. Ƙanwata na nan, kowane taron suna sai ta ba matan gari labarin Rumawa. Ni kuwa, in ɗari ya kama, nakan ɗora wa jikokina ruwa, in kira babbar ta fara. Ƙaramar ta yi ta kuka. Ta jira.