Gwiwar Ɗana

Ɗana ya yi shekaru yana cin abinci da ƙwallon Amurka, amma ban taɓa ganin ƙwallon a hannunsa ba. Aikinsa ya durƙusa a layi tare da wasu ƙarti irinsa, a saki ƙwallo, ya tashi ya kara ƙirji da wani ƙaton don kada a taɓa mai jefa ƙwallon. Ba a ambaton lambar rigarsa sai ya yi laifi. 'Yan uwa su kira ni daga Maraɗi su ce, "Ƙwallo nawa ya ci?" Ni kuma in kama tambayarsu labarin damina.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya hana ni sakat gwiwarsa ce ta hagu. Sau biyu ana yi mata aiki, kowace Litinin kuma sai ta kumbura kamar ƙwarya. Na yi magana har na gaji. Na ce ga shagona a titin Fordham Road nan Amurka, ya zo ya zauna bayan kanta, jaka da hula ba su taɓa karya kowa ba. Sai ya yi murmushi ya ce da Turanci saura kakar wasa ɗaya. Kakar nan tasa ba ta ƙarewa.

Dattawan masallacinmu kuma suka ƙara mini da nasu. Yaro ya daina durƙusawa in zai gaishe su, sai ya ɗan sunkuya ya miƙa hannu biyu. Nan da nan magana ta zaga cewa kuɗi sun hau masa kai. In na ce gwiwa ce, sai su ce ai jiya suka gan shi a talabijin yana durƙuso tun daga farko har ƙarshe. To ta ina zan fara yi musu bayanin allurar da ake yi masa kafin wasa? Haushinsu nake ji, ina jin nasa, in dawo gida matata ta ce in bi a hankali da hawan jini.

Ana cikin haka mahaifiyata ta zo daga Maraɗi ganin likitan ido, ta sauka wurinmu a unguwar Concourse Village. Rabonta da ɗana tun yana ɗan yaye. Ran da ya zo gaishe ta na tare shi a bakin lif ɗin hawa bene na ce, "Ka zauna kusa da ita kawai, ni zan yi mata bayani."

Bai ji ba, dama yaushe ya taɓa ji? Yana shiga falo ya sauke jikin nan gaba ɗaya a gabanta, gwiwa biyu a ƙasa. Na ji ƙarar da gwiwar ta yi.

"Angona, kai ne haka?" in ji Inna tana shafa kansa. "Mi suke ba ka a ƙasag ga? Lahiya lau dai?"

Ya amsa da 'yar Hausarsa, ta yi ta sa masa albarka, gumi na tsattsafo masa a goshi. Da ta gama ta ce ya tashi ya ci abinci. Ya dafa kujera, ya kasa. Ya dube ni. Na matso kamar zan rungume shi, na sa kafaɗata a hammatarsa, da ƙyar muka miƙe tare. A kunnena ya ce, "Baba, kar ta sani." Raina ya ɓaci ƙwarai, tausayinsa kuma ya kama ni.

Ranar Lahadi na zaci zai huta, sai ga shi a filin wasa. Inna ta matso da kujerarta dab da talabijin, na nuna mata lambarsa. Ta ga ya durƙusa, an yi karo, ya tashi yana ɗingishi, ya koma ya sake durƙusawa.

"Ka yi tarbiyya, ɗana," ta ce. "Dubi yaron nan, har a wurin aiki bai bar ladabi ba."

Na ce mata bari in dubo shayi. Na shiga kicin na tsaya, ban ko kunna wuta ba.